Gurɓatar Ruwa da Amincin Ruwan Sha: Birnin Zariya da Ƙasashen Hamada Masu Shan Ruwan Teku

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa abokin aiki. Shi ake sha, da shi ake girki da wanka da wanki da alwala, da shi kuma ake kwaɓa ƙasar gini, a jiƙa baba a marina, a shayar da dabba da lambu. To amma ruwan nan da yake raya jiki, shi ne kuma kan zama hanyar da cuta take bi ta shiga gida idan ya gurɓace. Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ruwan sha yake gurɓacewa, ta hanyar duban wurare biyu waɗanda a zahiri babu abin da ya haɗa su. Na farko shi ne tsohon Birnin Zariya na cikin ganuwa, inda ake samun isasshen ruwan sama amma ake fama da ruwan sha. Na biyu kuwa ƙasashen Larabawa ne na hamada da ke gaɓar Tekun Fasha da Bahar Maliya, waɗanda ba su da kogi, sai dai su tace ruwan teku su sha. Abin da za a nuna shi ne, matsalar wuraren biyu tushenta ɗaya, wato mutane suna zubar da ƙazantarsu kusa da inda suke ɗiban ruwan shansu. Ɗalibin da ake horarwa domin ya zama malami yana bukatar fahimtar wannan al'amari, ya kuma iya bayyana shi da Hausa mai sauƙi, saboda shi ne zai tsaya gaban yaran da cututtukan ruwa suka fi yi wa ɓarna.

2.0 Ma'anar Gurɓatar Ruwa

Kalmar "gurɓata" a asalin ma'anarta tana nufin motsa ruwan da ya kwanta har laka ta taso ta haɗe da shi. Akan ce shanu sun gurɓata tafki, ko tafki ya gurɓace, ko kuma a kira ruwan gurɓatacce. A nan ido ne alƙali, domin kowa yana iya ganin ruwa ya yi jawur ko ya yi baƙi. Da ilimin kimiyya ya zo, sai aka faɗaɗa ma'anar kalmar ta ƙunshi shigar duk wani abu mai cutarwa cikin ruwa, ko ido ya gan shi ko bai gan shi ba.

Akwai kalmomi uku da ya kamata malami ya rarrabe wa ɗalibansa, domin jama'a kan cakuɗa su. Ta farko ita ce "tsabta", wato rashin dattin da ake iya gani, kamar a ce ruwa garai-garai yake. Ta biyu ita ce "tsarki", wadda take da alaƙa da ibada. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, suna auna ruwan tsarki ne da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Ta uku ita ce "aminci", wato a sha ruwa a kwana lafiya. Ruwa yana iya zama mai tsabta a ido, ya kuma halatta a yi alwala da shi, amma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da za su kwantar da gida guda. Kowace kalma da tambayar da take amsawa, kuma amsar ɗaya ba ta wadatar da ɗaya.

Masana sun kasa abubuwan da suke gurɓata ruwa gida uku:

(a) Ƙwayoyin cuta, waɗanda galibi daga bayan gidan mutum ko kashin dabba suke fitowa.

(b) Sinadarai, kamar dalma da man fetur da maganin feshi da ragowar takin zamani.

(c) Laka da tarkace, waɗanda suke dusashe ruwa su kuma zama maɓoyar ƙwayoyin cuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada a sami ƙwayar da ake kira E. coli ko da guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, domin samunta alama ce ta cewa bayan gida ya shiga ruwan. Nijeriya ma ta fitar da nata ma'aunin ingancin ruwan sha a shekarar 2007.

3.0 Tushen Ruwan Sha a Birnin Zariya

3.1 Yanayin Ƙasa

Zariya tana kan tudu ne mai tsayin fiye da mita 600 daga doron teku. Tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba, sannan rani ya biyo baya na wajen wata shida. Wannan ruwa ba kaɗan ba ne, amma yanayin ƙasar ba ya barin a ajiye shi da yawa. A ƙarƙashin jangargarin da ake takawa akwai tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo fili a Kufena da Madarkaci. Ruwa ba ya ratsa wannan dutse. Yana taruwa ne kawai a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma tsagogin da ke jikinsa. Saboda haka rijiyoyin birni ba su da zurfi sosai. Da damina ruwa kan taso kusa da baki, da bazara kuwa ya janye har guga ya riƙa kwaso laka. Wannan ya bambanta da wasu sassa na ƙasar Sakkwato da Barno, inda ake da shimfiɗar yashi mai zurfi wadda take riƙe ruwa mai yawa a ƙarƙashin ƙasa.

Game da ruwan da ke gudana a sarari, kogin Galma shi ne babba, yana bi ta gabashin gari ya gangara ya faɗa kogin Kaduna. Kubanni yana tasowa ne daga yammacin Samaru, ya ratsa ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi ta tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari kafin ya haɗu da Galma. Akwai kuma rafin Kamaca wanda yake kwashe ruwan cikin birni.

3.2 Rijiya da Kududdufi

Tun kafin zuwan Turawa, rijiyar cikin gida ita ce madogarar mutanen birni, kuma da wuya a shiga babban gida a unguwanni irin su Kwarbai da Kaura da Juma da Limancin Kona ba a tarar da ita ba. Abokin zaman rijiya shi ne kududdufi. Kududdufai ramuka ne da aka haƙa domin ɗiban ƙasar ginin gidaje da ganuwa, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Suna da amfani iri biyu da ba kowa yake lura da su ba. Suna tare ruwan damina su rage ambaliya, sannan ruwan da suka tara yakan tsiyaya sannu a hankali cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyin da ke kewaye. Ke nan abin da ke cikin kududdufi yau, yana iya zama abin da ke cikin rijiya gobe.

3.3 Ruwan Famfo

An kafa ma'aikatar ruwa ta farko a Zariya a 1939, tana jan ruwa daga Galma. A 1975 aka yi madatsar ruwa a kan kogin tare da sabuwar matata. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ta datse Kubanni domin bukatar kanta. Sai dai yawan jama'a ya riƙa gudu ya bar waɗannan ayyuka a baya. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Zariya ita kaɗai tana da sama da mutum 400,000, ban da Sabon Gari. Wannan ya sa aka gina wata madatsa a kan Galma a Kuzuntu cikin Ƙaramar Hukumar Kubau, aka kuma yi sabuwar matata mai iya tace lita miliyan 150 a rana, wadda aka ƙaddamar a 2017, da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Ƙasashen Afirka a sassan aikin. Duk da haka, gidaje da dama a cikin ganuwa sun ci gaba da dogaro da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa da ruwan leda, ko dai gaba ɗaya ko kuma a ranakun da famfo ya ɗauke.

4.0 Hanyoyin da Ruwa Yake Gurɓacewa a Birni

4.1 Masai da Rijiya

Babbar hanya ita ce kusancin masai da rijiya. Dukkansu ramuka ne a ƙasa ɗaya, kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yana tafiya daga wannan zuwa wancan. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar mita 30, wato kimanin taku 40 na babban mutum, tsakanin masai da rijiya, kuma gindin masai ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da matsayin ruwan ƙasa. A da, gidajen birni suna da fili, har da 'yar gona a bayan gida. Yanzu gado ya rarraba gidaje, an yanka filaye, gida ɗaya ya zama huɗu ko biyar, kowanne da masansa. Mutum yana iya nesanta rijiyarsa da nasa masai, alhali na maƙwabcinsa yana bayan katanga, taku uku daga bakin rijiyar. Katanga a sama take raba gidaje, a ƙarƙashin ƙasa babu katanga. Haɗarin ya fi tsanani da damina, lokacin da ruwan ƙasa yake tasowa ya haɗe ramukan biyu.

4.2 Juji da Sana'o'i

Kududdufai da yawa sun koma juji. A cikinsu ake zuba shara da leda da mushen dabba da tsofaffin batura, kwatamin unguwa kuma a can yake ƙarewa. Wasu an cike su da bola an yi gini a kai, sai ruwan damina ya rasa wurin zuwa ya malale cikin gidaje, ya faɗa rijiyoyin da ba su da baki mai tudu. Har ila yau, ruwan da yake fitowa daga marina da majema da mayanka da garejin kanikawa yana ɗauke da abubuwan da ƙasa ba ta iya tacewa duka. Marinar da ta yi aiki da baba da toka ba daidai take da mai aiki da rinin kanti da soda ba.

4.3 Koguna da Fadamu

Kubanni yana kwasar dattin duk unguwannin da ya ratsa, kuma da wannan ruwa ake ban ruwan lambunan da ke gefensa da rani. Latas da kabeji da karas da tumatir da ake ci ɗanye suna iya ɗauko ƙwayoyin cuta daga nan su kawo kasuwa. Takin zamani da maganin feshin da ake zubawa a gonakin fadama su ma ruwa yakan wanke su ya kai kogi. Ragowar taki da tsiyayar masai suna ƙara wa ruwa wani sinadari mai suna naitiret, wanda idan ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya yake zama haɗari ga jarirai, domin yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iskar numfashi.

4.4 Daga Rijiya Zuwa Baki

Hausawa kan ce rijiya ta bayar guga ya hana. Sau da yawa ruwa yakan fito daga tushe lafiya lau, ya gurɓace a hanya. Gugan da aka yar a ƙasa kaji suka bi ta kai, da igiyar da aka taka, da jarkar ɗan garuwa wadda ba a wanke cikinta, da randar da aka bari a buɗe, da moɗar da kowa yake sha ya mayar, duk ƙofofi ne. Ruwan famfo ma bai tsira ba. Idan aka ɗauke ruwa, bututun da ya fashe a cikin kwatami yakan zuƙo ruwan kwatamin, sai ya fito a famfo ranar da aka dawo da ruwa. A annobar kwalarar da aka yi a Kano a 1995 zuwa 1996, bincike ya danganta kamuwa da cutar da shan ruwan da ake sayarwa a titi da kuma rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

5.0 Illolin Gurɓataccen Ruwa

Cututtukan da ake ɗauka ta ruwan sha sun haɗa da amai da gudawa, wato kwalara, da zazzaɓin taifot da atini da wasu nau'o'in shawara da shan-inna. Tsargiya kuwa ta hanyar wanka da iyo a kududdufi ko rafi take kama yara. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, tun daga nan kuma take dawowa lokaci-lokaci, musamman da damina. A 1991 ta kama mutum fiye da 59,000 ta kashe sama da 7,600. A 2021 an sami fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne abin ya fi shafa.

Tarihi ya nuna cewa ba a gane alaƙar kwalara da ruwa ba sai a ƙarni na 19. A 1854 annoba ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa yawancinsu daga famfon rijiya guda suke sha. Daga baya aka tarar da ramin bayan gida dab da rijiyar. Abin lura shi ne, mutanen unguwar suna son ruwan wannan rijiya saboda daɗinsa.

Akwai kuma misalin da yake nuna cewa ana iya cin nasara. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Da aka duƙufa wajen koya wa jama'a tace ruwa da ƙyalle, da hana mai kurkunu shiga tafki, da haƙa rijiyoyin burtsatse, sai cutar ta ɓace. An ga mai ita na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ita. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi. Ilimi da canjin ɗabi'a ne suka kawar da shi.

6.0 Ƙasashen Hamada Masu Shan Ruwan Teku

Domin a ƙara fahimtar matsalar Zariya, yana da kyau a dubi wata ƙasa da Hausawa suka sani ta hanyar aikin Hajji. Alhajin da ya buɗe famfo a masaukinsa a Makka, akasarin ruwan da yake zubo masa daga Bahar Maliya aka jawo shi, aka tace a matatar Shu'aiba da ke kudu da Jidda. Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana rani da damina, haka ma Kuwait da Katar da Bahrain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A yawancin yankin ruwan sama bai fi milimita 100 a shekara ba, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da Zariya take samu.

Neman ruwa tsohon al'amari ne a wannan yanki. Tun farkon ƙarni na 9, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka jawo ruwa daga duwatsu zuwa Makka domin alhazai. Mutanen Kuwait kuwa, kafin arzikin mai, a jiragen ruwa ake kawo musu ruwan sha daga kogin Shaɗɗul Arab na ƙasar Iraƙi. A 1907 aka kafa wata na'urar tace ruwan teku a Jidda wadda mutanen garin suka sa wa suna Kindasa. Bayan samun mai ne aka shiga gina manyan matatu, har ta kai ga matatar Jubail da ke gaɓar Tekun Fasha tana tura ruwa ta bututu zuwa Riyad, tafiyar fiye da kilomita 400 cikin hamada.

6.1 Yadda Ake Tace Ruwan Teku

Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, a Tekun Fasha da Bahar Maliya ma yakan kai 40 ko ya wuce. Wannan ya fi ƙarfin abin da Bahaushe yake kira ruwan zartsi, kuma wanda ya sha shi ƙishirwa zai ƙara. Ana raba shi da gishiri ta hanya biyu. Ta farko ita ce a dafa shi, a tara tururin, a sanyaya ya koma ruwa, kamar ɗigon da yake taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya. Ta biyu, wadda aka fi yayi yanzu, ita ce a matsa ruwan da ƙarfin gaske ya bi ta wata irin rariya mai ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa ya wuce gishiri ya tsaya. Bayan haka sai a ƙara masa wasu ma'adinai da sinadarin kulorin kafin a tura shi gari.

6.2 Gurɓatar Gaɓar Teku

Ga waɗannan ƙasashe teku ita ce rijiya, saboda haka duk abin da ya taɓa gaɓa ya taɓa randar kowa. Tekun Fasha ba ta da zurfi, kuma ƙofarta ɗaya ce, wato mashigin Hormuz, don haka ruwanta yakan ɗauki shekaru kafin ya sauya. Abubuwa uku ne suka fi yi mata barazana.

Na farko shi ne malalar mai. A watan Janairu na 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, an saki miliyoyin gangunan ɗanyen mai cikin teku daga gaɓar Kuwait. Man ya gangara kudu ya lulluɓe ɗaruruwan kilomitoci na gaɓar Saudiyya. Sai da aka yi gaggawar kafa shingaye masu yawo a kan ruwa a bakin matatar Jubail, domin da man ya shiga injinanta da Riyad ta shiga ƙishirwa.

Na biyu shi ne yaɗuwar wata irin gansakuka ƙanana wadda take mayar da ruwa ja. Ruwan ƙazantar birane da ragowar taki suna daga cikin abubuwan da suke ciyar da ita. Daga 2008 zuwa 2009 ta mamaye gaɓar Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wata da watanni, ta kashe kifaye, ta toshe rariyoyin matatu har aka rufe wasu daga cikinsu.

Na uku daga matatun kansu yake fitowa. Bayan an cire ruwan sha, ragowar ruwa mai kaurin gishiri, wani lokaci mai zafi kuma haɗe da sinadaran wanke injina, teku ake mayar da shi. Wani bincike da aka fitar a 2019 da goyon bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a kan kowace lita ɗaya ta ruwan sha ana fitar da kimanin lita ɗaya da rabi ta wannan ragowa, kuma fiye da rabinta a duniya daga Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwait da Katar take fitowa.

Saboda fargabar ranar da matatu za su tsaya, Abu Dabi ta kammala wani aiki a 2018 a yankin Liwa, inda ta ɗura tataccen ruwa a ƙarƙashin yashin hamada, wanda aka ƙiyasta zai ishi mutum miliyan ɗaya har kwana 90.

7.0 Darasin da Ke Cikin Kwatancin

Idan aka jera wuraren biyu za a ga bambancinsu a fili yake. Ɗaya tana da ruwan sama ba ta da kuɗin manyan injina, ɗaya tana da kuɗi ba ta da ruwan sama. Amma sun yi tarayya a abubuwa uku. Da farko, a duka biyun maɗiba da mazuba wuri ɗaya suke: masai yana gefen rijiya, bututun zubar da ragowar gishiri kuma yana gaɓa ɗaya da bututun jan ruwa. Na biyu, mai gurɓatawa ba lallai ne ya zama shi ne mai shan wahala ba. Man da aka zubar a Kuwait gaɓar Saudiyya ya ɓata, kamar yadda masan wani gida yake ɓata rijiyar maƙwabci. Don haka gyaran ba na mutum ɗaya ba ne. Na uku, tacewa tana da iyaka, kuma kare tushe ya fi ta sauƙi da araha, kamar dai yadda ake cewa rigakafi ya fi magani. Abin da aka kashe dukiya mai yawa aka yi a Liwa, wato ajiye ruwa a ƙarƙashin ƙasa, shi ne kududdufan birni suka daɗe suna yi kyauta.

8.0 Matakan Kariya da Rawar da Malami Zai Taka

A zamanin En'e akwai ma'aikatan duba-gari waɗanda suke shiga gida-gida suna duba randa da kwatami da masai. Yau wani ɓangare na wannan nauyi ya dawo kan makaranta. Matakan da ya kamata malami ya sani ya kuma koyar sun haɗa da:

(a) A ɗaure cikin rijiya da siminti, a ɗaga bakinta, a dafe kewayenta, a yi mata murfi.

(b) A keɓe guga ɗaya, a rataye shi da igiyarsa bayan an gama ɗiba.

(c) A shawarci maƙwabta kafin a haƙa sabon masai ko sabuwar rijiya.

(d) A tafasa ruwan sha har ya yi ɓararraka, ko a sa masa kulorin daidai gwargwadon umarni a jira minti 30. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin cuta duka ba.

(e) A san cewa tafasawa ba ta cire dalma ko naitiret. Rijiyar da sinadari ya ɓata, barin shanta shi ne magani.

(f) A rufe randa, a wanke ta a kai a kai, a ware moɗar ɗiba daban da kofin sha.

(g) A wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin taɓa abinci.

(h) Idan gudawa ta kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta amintaccen ruwa, sannan a garzaya asibiti.

Malamin Hausa yana da hanyoyin shigar da wannan ilimi cikin darasinsa ba tare da ya bar manhaja ba. Yana iya sa ɗalibai su tattaro sunayen kayan ɗiban ruwa, irin su guga da wasaki da ƙugiya da tulu da randa, a darasin ginin kalmomi. Yana iya ba su jingar auna taku nawa ne tsakanin rijiyar gidansu da masai mafi kusa, su rubuta insha'in bayani a kai. Yana kuma iya sa su tsara ɗan gajeren wasan kwaikwayo, ko su tattauna karin maganar da ta shafi ruwa. Yaron da ya fahimci abu a aji yakan kai shi cikin gida, wurin da ma'aikacin lafiya ba kullum yake samun shiga ba.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar gurɓatar ruwa, an kuma rarrabe tsakanin tsabta da tsarki da aminci. An nuna yadda yanayin ƙasar Zariya ya sa rijiyoyinta ba su da zurfi, da yadda masai da juji da sana'o'i da kayan ɗiba suke gurɓata ruwan birni. An kuma duba ƙasashen hamada masu shan ruwan teku da barazanar da mai da gansakuka da ragowar gishiri suke yi musu. A duka wuraren biyu amincin ruwan sha ya rataya ne a kan yadda jama'a suke kula da tushen da suke ɗiba, kuma malami yana cikin waɗanda za su fara koyar da wannan kula.

Jinga

1. Bambance tsakanin tsabta da tsarki da aminci dangane da ruwa, tare da misalai.

2. Yi bayanin yadda aka faɗaɗa ma'anar kalmar "gurɓata", sannan ka kawo wasu kalmomi uku na Hausa da ma'anarsu ta faɗaɗa saboda zuwan kimiyya.

3. Me ya sa haɗarin gurɓatar rijiya ya fi yawa da damina a Birnin Zariya?

4. Kawo hanyoyi biyu na tace ruwan teku, ka bayyana su yadda ɗan aji shida na firamare zai gane.

5. Tsara darasi na minti 35 a kan karin maganar "rijiya ta bayar guga ya hana", wanda zai koyar da kula da ruwan sha.